Ƙwarya ta Biyar a Gidan Hajjo

Har in koma ga Mahaliccina ba na jin zan manta da ranar Larabar nan da na miƙe a gaban baƙo na ce ƙarya na rubuta. Ku yaran da aka ɗauka aikin tambaya bana, Malama Rukayya ce ta ce in rubuta muku yadda abin ya faru. To ga shi. Rubutuna ba kyau, na sani. Wanda ya ga kuskure ya gyara a ransa, kada ya dame ni.

Sunana Lanti, Iya Lanti ake ce min. A Rano aka haife ni, aure ya kai ni Kibiya. Ungozoma ce ni shekara talatin da wani abu, daga baya ƙaramin asibitinmu ya ɗauke ni ina taya ma'aikaciyar jinya, in tafasa ruwa, in share ɗaki, in riƙe mai naƙuda. Boko kuwa sai da maigidana ya rasu, haƙorana suka fara zubewa, sannan na shiga ajin yaƙi da jahilci. Ranar da na fara rubuta sunana da kaina, yini na yi ina kallonsa kamar jaririn da na karɓa.

Bari in yi wa wanda bai sani ba bayani. Gwamnati ta fito da tsarin katin magani kyauta ga masu rauni. A cikinsu akwai waɗanda yanzu ake kira masu buƙata ta musamman, mu a da guragu da makafi da kurame muke cewa. An bi gida gida an yi rajista. Daga baya wata gidauniya ta ba da tallafi a bincika, shin katin ya kai hannun mutanen da aka yi dominsu ko bai kai ba. Malama Rukayya daga jami'a ita ce shugabar binciken. A ƙarƙashinta akwai mai duba takardu, sai masu tambaya, sai ni a can ƙarshe, 'yar jagora. Aikina in yi sallama a shiga gida, in ce wa matan waɗannan ba masu haraji ba ne.

Kuɗin kashi biyu aka yi shi. Zangon farko wata uku, a zagaya a gani. In an samu shaidar cewa akwai mutanen da aka tsallake, a saki zango na biyu, a koma a lalubo su, a miƙa sunayensu ofishin rajista. In ba a samu ba, a rufe, a kai tallafin wata ƙasar da ta fi mu buƙata. Wannan shi ne sharaɗin, an karanta mana shi tun ranar farko.

Da aka zo kan rugagen Fulani da ke bayan garin Fammar sai aka rasa mai jin Fillanci. Ni kuwa na tsinci kaɗan a bakin masu naƙuda. Na ce wa Malama, "Ba ni biro da fom, ai na iya rubutu yanzu."

Ta yi dariya ta ce, "Iya, doka ɗaya ce. Abin da aka faɗa miki shi za ki rubuta. Kada ki ƙara, kada ki rage."

Na ce, "Ko a gaban alƙali."

Ta ba ni gida goma. Wallahi ranar sabon zane na ɗaura.

Gida na bakwai gidan Hajjo ne. Mijinta ya yi kudu da yawancin shanu, ita ke riƙe da gidan da tallan nono. Ta shimfiɗa min tabarma, na karanta mata takardar amincewa, ta dangwala. Na gyara zama kamar malamar asibiti na ce, "'Ya'yanki nawa?"

Ta dubi ƙasa ta ce, "Huɗu."

Na ce, "Akwai mai lalura a cikinsu? Ƙafa, ido, kunne?"

Ta ce, "Huɗun nan dai lafiyarsu lau."

Na rubuta huɗu. Na rubuta babu.

To ku ji inda abin kunyar yake. A lokacin da nake rubuta babun nan, ina jin muryar Dije daga bayan bukka tana 'yar waƙarta a gindin ɗorawa. Dije 'yar farin Hajjo ce. Ni na karɓi haihuwarta, ni na yanke mata cibiya. Tana shekara uku shan inna ya kama ta, ƙafafun suka shanye, da hannu take tafiya. Kakarta ce ta riƙe ta kamar yadda ake yi wa 'yar fari, da tsohuwar ta rasu ta dawo gaban uwarta. Yanzu ta haura ashirin. Kowace damina gwiwarta sai ta buɗe saboda jan jiki a jiƙaƙƙiyar ƙasa, gyambon ya yi ta ruwa har kaka. Duk na san wannan. Kuma na san Hajjo ba ƙarya ta yi min ba, kunyar 'yar fari ce, ba ta ƙirga ta, ba ta kama sunanta. Ni ma da ni aka tambaya haka zan yi. Amma ina zaune ina sha'awar yadda huɗuna ya fito tsaf a kan takarda. Na ce ai doka na bi. Na tashi na tafi gida na takwas.

Da aka haɗa takardun kowa, sai rahoto ya nuna kusan duk mai lalurar da muka samu yana da kati. A ido abin murna ne. Malama Rukayya kuwa fuskarta ba walwala. Ta ce, "Iya, jikina bai yarda ba, amma takarda ta ce komai lafiya." Na ce ciwon kai nake.

Cikin daminar bara waccan ne gidauniyar ta turo wakilinta, Dakta Sabo, ya gani da idonsa kafin a sa hannu a rufe. Dattijo ne mai furfura a gemu, da tabarau, Bahaushe amma Hausarsa ta sha zaman waje. Aka yi taron a barandar asibiti ranar Laraba da hantsi. An kwana ana ruwa, gari ya yi luf, duwatsu sun lulluɓe da hazo kamar an yafa musu mayafi. Ni ina can benci na baya. Turanci suke ta yi, ruwan indararo yana ɗiga a bokiti, ɗis, ɗis, sai gyangyaɗi ya fara ɗibata.

Ba barci ba ne sosai, ba kuma ido biyu ba. Na ga fom ɗin nan ya zama fili, fari fat, ba iyaka. Layukansa sun zama kunyoyin gona. Baƙaƙen da na rubuta suna tafiya a kai a hankali kamar shanu za su mashaya. Sai na hango huɗun nan nawa shi kaɗai a tsakiyar fili bai bi su ba, ya naɗe ƙafa ɗaya yana zaune. Ina matsawa sai na ga ba lamba ba ce, mutum ce. Ta ɗago ta ce, "Iya, kin wuce ba ki gaishe ni ba."

Na farka daidai lokacin da Dakta ya juyo da maganar Hausa saboda mu. Yana cewa, "To alhamdu lillahi. Tun da tsarin ya kai ga jama'a a nan, ina ganin babu dalilin zango na biyu."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, ƙarya na rubuta."

Mai duba takardu ya zaro ido yana min alama in zauna. Malama Rukayya ta dafe ƙirji.

Dakta ya cire tabarau ya ce, "Iya, wace ce ke a aikin nan?"

Na ce, "'Yar jagora. Gida goma aka ba ni, na ɓata ɗaya da sanina. Sauran taran ma yanzu ban yarda da su ba."

Ya ce, "Kin san nauyin maganar nan? In takarda ɗaya ta zama ƙarya, duk sauran sun shiga zargi. Ba zango na biyu kaɗai ba, sunan Malama ma zai iya ɓaci, gobe ta nemi tallafi a hana ta."

Ban san da wannan ba, wallahi. Na dubi Malama, yarinyar da ta ba ni biro lokacin da kowa ke min kallon mai shara. Idonta ya kawo ruwa. Amma magana ta riga ta fita.

Na ce, "Laifin nawa ne, ba nata ba. Ka kore ni in ka so, dama na kusa kabari. Amma kafin ka sa hannu ka zo mu je ka ga rabon abincin rana a wani gida. Ba nisa."

Ya dubi agogo, ya dubi Malama. Ita ce ta ce a hankali, "Dakta, mu je. In akwai ɓarna gara in gani da idona."

Mota ta kai mu iyakar inda za ta iya, muka sauka muka bi burtali, hanyar shanu ke nan. Dawa ta fi mu tsawo hagu da dama, ganye yana zubo mana raɓa. Hazon bai gama tashi ba, sai ka ga saniya ta fito daga cikinsa ba ƙara, ta dube ka, ta koma. Takalmin Dakta ya cika da taɓo. Na ce, "Ranka ya daɗe, cire ka riƙe, ba mai ganinka sai balbela." Ya cire kuwa. Ina gaba, masu digiri biyu suna bina ƙafa ba takalmi. Na ce a raina ko har yanzu mafarkin nake.

Mun tarar da Hajjo ta sauke dambu. Muka gaisa da Fillanci, jam, jam, ta ba mu tabarma. Na raɗa wa Dakta, "Takarda ta ce 'ya'ya huɗu. Kada ka yi tambaya. Ƙirga ƙore kawai."

Ta jera su a gabanta. Ta zuba biyu ta rufe da faifai, na samarin da suka fita kiwo. Ta zuba biyu ta tura wa 'yan matan. Sai ta ɗauko ta biyar, wata tsohuwar ƙwarya da aka ɗinke tsagarta da zare. Ta zuba dambu, ta kwarara nono, ta ɗebo man shanu ta ɗora, abin da ba ta sa wa sauran ba. Ba ta dubi kowa ba. Ta ajiye a gefe kamar ta manta da ita. Ƙaramar yarinyar ta ɗauka ta yi bayan bukka.

Na ce, "Bi ƙwaryar."

Dije na zaune a gindin ɗorawa a kan buzu, ta ɗaure gwiwa da tsumma, tana saƙar faifai. Faya-fayan da ta gama ta rataye su a reshe, ja da kore da ruwan ɗorawa, iska na juya su a hankali. Ta gan mu ta washe baki.

"Iya Lanti! Yau kin tuna hanya? Ran nan ina jin ki kina ta tambaya kamar 'yar sanda, kika tafi ko leƙe." Ta dubi Dakta sama da ƙasa. "Miji kika kawo min? Ai wannan ya tsufa, ga shi ko takalmi ba shi da shi."

Dakta ya yi dariya har da tari. Ya tsuguna a gabanta ya ce, "Baiwar Allah, kina da katin asibiti?"

Ta ce, "Na ji shi a rediyo. Masu rajista sun zo, sun tsaya a ƙofa sun tambayi mutanen gida, sun tafi. Su Iya ma sun zo, sun tambayi mutanen gida, sun tafi. Ni ƙafa ce ba ni da ita, Malam, bakina ƙalau yake."

Malama Rukayya ta juya baya tana goge ido da gefen hijabi.

Dije ta ce, "Daga Kano kuke? Wai da gaske ne an yi hanya a kan hanya, mota na bi ta saman mota?"

Ya ce da gaske ne.

Ta ce, "Ni kullum in na rufe ido ina hawa ta. Ba a mota ba. Haka nan nake bi a zaune, buzun nan na tafiya da ni, ina leƙen kawunan mutane. In na gaji in sauka a Rano in sayi alawa in dawo kafin shanu su shigo." Ta cusa hannu a dambu. "Bismillah. Ba za ku ci ba? Nawa ya fi na kowa mai."

Muka dawo wajen Hajjo. Dakta ya ce in tambaye ta, waccan 'yarta ce? Na ce, "Ba a yi." Ya ce in dai tambaya, aikinsa ne ya ji daga bakinta. Na tambaya. Hajjo ta ja mayafi ta rufe baki, ta kafa wa turken maruƙa ido, ta ce, "Ungozoma na nan, ku tambaye ta."

Ya girgiza kai ya ce wa Malama, "Kin gani, ɓoye ta take saboda nakasa. Wannan tsangwama ce."

Nan raina ya ɓaci. Na ce, "Tsangwamar me? Ba ka ga man shanun ba? Ko da yarinyar nan da ƙafarta take, ko matar gwamna ce, Hajjo ba za ta ƙirga ta ba. 'Yar fari ce. Kai a gidanku ba a yi? Wane ne ɗan fari a ɗakinku?"

Ya daɗe yana kallon ƙafafunsa da taɓo ya bushe a kai. Can ya ce, "Ni ne."

Na ce, "To mahaifiyarka me take ce maka?"

Ya ce, "Wancan yaron." Muryarsa ta yi ƙasa. "Har ta rasu ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In baƙi suka tambaye ta, ƙannena take lissafawa." Ya juya wajen Malama. "Fom ɗin nan ta teburina ya bi. Na karanta tambayar nan, na sa hannu. Ban tuna ba."

Muka kama hanyar dawowa. Rana ta fito, hazo ya tashi, gonaki suna turiri. Da muka iso mota ya ce, "Iya, abin da kika yi laifi ne. Kin ga mutum kin rubuta babu. In doka ta ɗaure ki, sai ki dawo ki faɗa wa shugabarki a ranar, ba bayan wata uku ba." Na ce gaskiya ne. Ya ce shi ba shi ke yanke hukunci shi kaɗai ba, akwai kwamiti, zai rubuta abin da ya gani, mai daɗi da marar daɗi. Ya tafi bai sa hannu a komai ba.

Mako biyar muna jira. Malama ta karɓe birona, ba ta yi min faɗa ba, da ma ta yi da ya fi min sauƙi. Na koma tafasa ruwa. Duk motar da ta tsaya a ƙofar asibiti sai in leƙa ta taga.

Amsa ta zo ana fara yankan gero. An saki zango na biyu, amma da sharaɗi. Duk takardun farko a ajiye su gefe, a sake bin gidajen daga tushe, Malama kuma ta rubuta kuskuren a rahotonta da hannunta, kada ta ɓoye. Aka canza tambaya. Ba a ƙara cewa 'ya'yanki nawa. Sai a ce mutum nawa ake zuba wa abinci daga tukunyar nan, a nemi goggo ko kaka ko maƙwabciya ta kama sunaye, sannan a je wajen mai lalurar a tambaye shi da bakinsa. Fom ɗin da ke hannunku yanzu ke nan. Ni kuma aka mai da ni horo na mako guda tare da yaran da na karɓi haihuwarsu, sannan aka dawo min da biro. Ba gidan Hajjo kaɗai ba ne, mun samu wasu, a ruga da cikin gari, har a Yalwa. Ba zan faɗi adadi ba, yana wajen Malama.

Dije da kanta ta dangwala a takardarta. Aka miƙa sunanta ofishin rajista, aka zo aka ɗauki hotonta. Kati kuwa ya yi nawa. Kowace ranar kasuwa Hajjo sai ta biyo ta asibiti da ƙwaryar nono a ka, ta tsaya a bakin taga ta ce, "Ungozoma, takardar mutanen gidanmu ta zo?" In ce tukuna. Ta ce to, ta wuce.

Ranar da ya zo, na fito da shi na miƙa mata. Ta sauke ƙwarya, ta goge hannu a zane, ta karɓa da hannu biyu. Ta riƙe shi a juye, ta ƙi kallon hoton. Sai ta miƙo min ta ce, "An ce kin iya karatu. Me aka rubuta?"

Na ce, "Kin san abin da aka rubuta."

Ta ce, "Ni ban yi makaranta ba. Karanta."

Na karanta mata sunan, Dije, da sunan uban.

Tana kallon bango ta ce, "Hayaniya ta yi yawa a nan. Ban ji ba."

Ba kowa a barandar sai mu biyu da wata akuya. Na sake karantawa da ƙarfi. Leɓenta na motsi ba sauti. Ta karɓi katin ta ƙulle a bakin zane, ƙulli biyu. Washegari da sassafe ƙannen Dije suka kawo ta a kan jaki aka wanke gwiwar, Hajjo na biye a baya nesa kaɗan, kamar hanya ce kawai ta haɗa su.

To yara, abin da na koya ke nan, kuma a makare na koye shi. Masu ba da kuɗin bincike ba mugaye ba ne, amma abin da muka rubuta shi kaɗai suke gani. In muka rubuta babu, su ɗauke tallafinsu su tafi da zuciya ɗaya, mutum kuma yana zaune a bayan bukka. Mutanenmu ba sa faɗin abin da suka fi so, sai dai ka gani a hannunsu. Saboda haka in kun shiga gida ku rubuta abin da aka faɗa muku, wannan doka ce. Amma kada ku tashi daga tabarma da wuri. In idonku ya ga abin da ya saɓa wa takarda, ku dawo ku faɗa a ranar, ko da ku za a yi wa dariya. Kuma kowane gida kuka je, kafin ku yi sallama ku tafi, ku zagaya baya ku gaishe da wanda ke can.